Kangon da Ke Cikin Giwa

Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan kasuwar dabbobi lokacin da Rashidu ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar biro, wato ofis. Leda biyu ce a hannunsa, ɗaya ta tsire, ɗaya ta ruwan sanyi. Bazara ce irin ta Tawa, wadda ko rana ta faɗi ƙasa ba ta daina huci. Warin kashin shanu na biyo iska daga kasuwa, can nesa wani raƙumi na ta ɓaɓatu ana ɗora masa kaya.

Aiki kaɗan ya dawo da shi, a faɗarsa. Zai rufe fishiye ɗaya, wato kundin cikin na'ura, ya kashe fitila, ya tafi gida.

Biron na wata ƙungiyar makiyaya ne. A can ƙuryarsa akwai wani ɗaki marar taga, shi kaɗai ke da kilim mai hura sanyi, kuma a cikinsa Giwa take. Haka suke kiran tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da wasu Turawan poroje masu aikin tallafi suka tafi suka bar musu. Ba irin wadda ake saɓawa a jaka ba ce. Akwatunan ƙarfe ne masu tsawon mutum, jere kamar sahun salla, suna gurnani dare da rana. Duk saniya da raƙumi da akuyar da aka yi wa allura, daga Bambeye har can arewa inda gona ke ƙarewa, Giwa ta san da zamansu.

Rashidu bai yi karatun lakwal mai nisa ba. Da ido da kunne da taurin kai ya koyi Giwa, tun yana mai ɗauko wa Turawan kofi. Shekara da shekaru makullin ɗakin nan na rataye a ƙugunsa, kuma shi ne rawaninsa, shi ne kujerarsa. In ka cire makullin, me ya rage? Dattijo mai furfura, ba takarda, ba gona, sai baki. Baki kuwa Allah ya ba shi. Kafin ka faɗi ɗaya ya faɗi goma, tara daga ciki zagi.

Shi ne mai yi wa kowa bayanin fishiyen, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya ce gida ne babba mai ɗakuna, kowace karkara da ɗakinta: ga na Bambeye, ga na Tebaram, ga na sauran. A bakin gidan akwai zaure, inda aka rubuta wane ɗaki ne a ina. Amma Giwa na da wata ɗabi'a. In aka kawo sabon labari, ba ta gyara tsohon ɗaki. Sai ta gina sabo a can ƙarshen gida, ta goge sunan tsohon daga zaure, ta bar shi nan tsaye, ba suna, ba mai shiga. Kango ke nan. Yau kango, gobe kango, har gida ya cika da kangaye, a rasa filin gini. Maganin abin ɗaya ne: a matse gidan. A fitar da kowa, a rushe kangayen, a ja ɗakuna masu rai su haɗe da juna, fili ya samu.

An daɗe ba a matse ba. An daɗe ƙwarai.

Da safiyar ranar nan ne abin ya tsaya cak. An zuba sabuwar ƙidayar dabbobi, aka zo rufewa, Giwa ta ƙi. Ta rubuta wata lamba a ekaran, gilashin da take nuna rubutu, ta ce gida ya cika. Fishiyen da bai rufu ba kuwa, duk abin da aka zuba masa kamar ruwa ne a kwando, ba a iya buga takarda ko ɗaya daga ciki. Ga motar masu allura za ta tashi arewa da asuba, kuma da waɗannan takardu ake sanin rugar da za a nufa da yawan maganin da za a ɗauka.

Madam Kaltumi, shugabar biron, mace ce mai magana a hankali, wadda in ta rage murya kowa ke shiga taitayinsa. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam Rashidu, in abin ya hi ƙarhinka ka hwaɗa mini tun da rana. Akwai yaro a Yamai, ya karanci irin wagga na'ura. In kira shi."

Rissa direba na tsugune gindin bango yana hura gawayin shayi, amawali ya rufe masa rabin fuska. Ya yi dariya ta cikin rawani. "Kira shi, Madam. Injiniyan namu ya tsuhwa. Shi da Giwa tasa, duk kasuwar Lahadi za mu kai su, a sayar kilo-kilo."

"Kai Buzu, rufa mini baki!" in ji Rashidu, jijiyar wuyansa ta tashi. "Kai da ba ka san komi ba sai bin sawun raƙumi da mota. Wane yaro? Ran da nike kwance cikin Giwa, uwar yaron ga ko tallar hura ba ta hwara ba!" Ya ciro makullin daga ƙugu ya kaɗa shi a gaban kowa, har da masu shara. "Ku shaida. In anka kira isha ban ruhe fishiyen ga ba, ga makulli, a ba duk wanda anka ga dama. Ni Rashidu na hwaɗa."

Madam Kaltumi ta dube shi ta ce, "To. Mun ji."

Wannan "mun ji" ita ce ta hana shi cin abincin rana.

Yanzu ga shi ya dawo, kowa ya watse, mai gadi ya tafi masallaci da butarsa. Rashidu ya bi ofis-ofis yana duba ƙananan ekaran da ke haɗe da Giwa, ya tabbatar kowanne a kashe yake. Ya buɗe ɗakin, sanyi ya mare shi a fuska, ya ji daɗi. Ya ajiye ledojinsa, ya ja kujera, ya mai da ƙofa.

Ƙa'ida ita ce, kafin a matse gida sai an kwafe shi duka a faifai an ajiye gefe, don in matsa ta tsaya a tsakiya, gidan ya wargaje ke nan, rabi nan rabi can. Rashidu ya fi kowa sanin haka, shi ke faɗa wa mutane. Amma kwafa na cin lokaci, isha kuwa ba ta jiran kowa. Ya dubi faifan, ya tsuke baki, ya ce a ransa, sau nawa na yi wannan aiki?

Ya buga umarnin matsa.

Giwa ta yi ɗan gurnani, ta rubuta layi ɗaya. In an juya shi da Hausa, cewa ta yi: ba a iya matsawa, akwai wani a ciki.

"Wa?" in ji Rashidu da ƙarfi. "Uban wa ke ciki?"

Ya sake bugawa. Amsa ɗaya. Ya tashi ya sake zagaya ofisoshin, har ya zare wayoyin daga bango don kada a ce. Ba kowa, sai wata tsaka a saman kalanda. Ya dawo ya nemi Giwa ta nuna masa inda mai shigar yake. Ta ɗan yi jinkiri, abin da ba ta saba ba, sannan ta nuna.

Ba ɗaki mai suna ba ne. Kango ne, can tsakiyar gida. Rashidu ya gane wurin: tsohon ɗakin Tebaram, wanda aka tashi daga cikinsa tun shekarar da aka yi babban fari. Babu hanyar da mutum zai bi ya shiga nan. Sunansa ma ba ya zaure.

A waje aka ɗaga kiran magariba. Ta cikin bango muryar ladan ta zo masa siririya, kamar daga ƙasan rijiya.

Duk wanda aka haifa a Adar, ƙasar su Tawa, ya san abu biyu. Ba a taɓa kango da magariba. In kuma dole ta sa, sai an tsaya daga waje an yi sallama, an ce masu wuri a yi haƙuri, a kawar da yara. Rashidu ya sani sarai. A gidansu ko ruwan zafi ba a zubarwa a ƙasa ba tare da bisimilla ba. Amma wannan kangon lambobi ne a cikin ƙarfe, kuma dariyar Rissa na nan tana yi masa ƙaiƙayi a kunne.

Akwai wata kalma da Turawan suka koya masa, suka ce kada ya yi amfani da ita sai wuta ta kama. Kalmar kora ce. Ba ta tambaya, ba ta jira. Duk wanda ke ciki, waje.

"Ko kai wane ne," ya ce yana bugawa da yatsa ɗaya, da ƙarfi, "gidan ubanka na? Hita!"

Ya danna.

Giwa ta karɓa. Layuka suka fara gangarowa a ekaran, ɗaya bayan ɗaya. An rushe wannan. An ja wancan. An rushe wannan. Rashidu ya jingina da kujera, ya kwance ledar tsire, ya jefa yanka ɗaya a baki. Har ya fara shirya abin da zai gaya wa Rissa da asuba.

Sai ya ji tsiren ba shi da ɗanɗano. Wani wari ya danne shi.

Ya daina tauna.

Hayaƙin itace. Ba na waya mai ƙonewa ba, ya san wannan, yana da ɗaci kamar roba. Wannan na itacen ƙirya ne. A bayansa kuma wani wari mai kauri, na ɗanyen ganye da aka tafasa. Ganyen dogon yaro. Sai kanwa. Sai citta da kanumfari da kimba.

Kilim na ta hurawa, amma gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kai hannu ya shafa ekaran. Ya jiƙe. Tururi ne.

Ya ce a ransa wani abu ne ya kama a bayan akwatunan. Dole haka ne. Ya miƙe.

Daga nan ya ji ƙarar.

Fyat.

Shiru.

Fyat. Sai zubar ruwa a ƙasa.

Tsakanin akwati na ƙarshe da bango akwai ɗan lungu, inda wayoyi ke bi. Faɗinsa bai wuce mutum ya ratsa a karkace ba. Ya shige shi sau dubu. Ya nufi wurin da sauri, da fushinsa, baki cike da tsire, ya leƙa kai kamar mai shiga ɗakin kansa.

Ba bango.

Inda bango yake, wani ɗakin ƙasa ne, ba rufi, katangarsa ta zaizaye. Sama ja-ja-ja, irin na bayan faɗuwar rana. A tsakiya murhu, da ƙatuwar tukunya tana tafasa. Gefe ga turmi a kife.

A kan turmin mace ce zaune.

Ba zane a jikinta.

Wata tsohuwa na tsaye a kanta, ta ba shi baya, tana tsoma damin ganye a tukunya tana fyaɗa mata a gadon baya. Tukunyar na can nesa da ita, amma ba ta taka ko taki ɗaya. Hannun ne ke tafiya, ya je, ya dawo.

A kan tabarma, cikin tsumma, wani ɗan abu na motsi.

Wankan jego.

Rashidu yana da 'ya'ya shida. Ko sau ɗaya bai taɓa taka bayan zanar da ake yi wa matarsa wannan wanka ba. Ko tsayawa kusa bai taɓa yi ba, in an ɗora tukunya ficewa yake daga gidan. Yau ga shi tsaye, gemu fari, ido buɗe, a kan matar da ba tasa ba.

Tsoro bai fara zuwa ba. Kunya ce ta riga shi. Ta taso masa daga tafin ƙafa, ta kama wuya.

Matar ta ɗago. Bai ga fuskarta ba, don kafin ta gama ɗagowa ya sunkuyar da kai. Ya dai ji ta ja numfashi, ta rungume ƙirjinta.

Fyaɗar ta tsaya.

"Ɗan wa na?" Muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa, kamar ana jan busasshen kara a rairayi.

Ya kasa haɗiye naman da ke bakinsa.

"Ɗan Tanna na," ta ba kanta amsa. "Tanna ta Bambeye. Mace mai kunya. Ita ta haihi wanga?"

"Inna…" ya ce.

"Ka yi sallama?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Kango munka samu, ba mu tsare ma kowa hanya ba. Ɗiyata ko sati biyu ba ta yi ba. Ka aiko muna da zagi. Yanzu ka biyo da ido."

Daga bayansa ya ji Giwa ta yi gurnani. Wani layi ya sauka.

Katangar ɗakin ƙasan ta motsa.

Da idonsa da ke kallon ƙasa ya gani. Gindin katangar ya ja ciki, taki guda, yana tura rairayi a gabansa. Ƙasa ta zubo daga sama. Ruwan tukunya ya yi tangaɗi.

Jaririn ya tsala kuka.

Wani layi. Katangar hagu ta matso.

Matsa ta iso kangon Tebaram.

"Mai jego ba ta hita kahin arba'in," in ji tsohuwar. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka sani. Ba mu hita. Kai ma ba ka hita."

Ya ji iska a fuska. Ya ɗaga hannu ya kare ido.

Fyat!

Zafin ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Ya faɗi da baya cikin lungun, ya tofar da naman, ya juya ya kama rarrafe. Lungun ya ƙara matsewa. Ƙarfe ta dama, bango ta hagu, duka suna goga masa kafaɗa. Rigarsa ta kama wata ƙusa ta yage. Ya fizge.

Ɗakin Giwa ma ba yadda ya bar shi yake ba. Akwatunan sun haɗe da juna. Kujerarsa ta matse tsakanin tebur da bango, ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe. Tururi ya cika ko'ina, fitila ta zama kamar wata a cikin hadari.

Ya laluba ya sami kalabiye, allon da ake buga rubutu. Maɓallan da zafi, kamar an ciro su daga tukunya.

A nan ya tsaya, na ɗan ƙiftawar ido. Kada a yi masa ƙarya, ya tsaya. Saura kaɗan matsa ta ƙare. In ya bari, fishiye zai rufu, takardu su fito, makulli ya kwana a ƙugunsa. In ya tsayar, gidan ya wargaje, ba kwafi, ba abin da zai nuna wa Madam da safe sai kufai. Ƙofa na nan kusa. Zai iya ficewa ya bar Giwa ta ƙarasa.

Kukan jaririn ya canza. Ya zama siriri. Kamar ana danne shi.

Rashidu ya rufe ido, don ko ekaran ɗin kunyar kallo yake. Ya buga kalmar tsayarwa da ka.

Yatsa ya zame. Giwa ta ƙi.

Tebur ya tokare shi a ciki.

Ya sake. Harafi. Harafi. Harafi.

Ya danna.

Giwa ta yi wani irin nishi da bai taɓa ji ba, dogo, ta yi shiru. Kilim ya tsaya. Fitila ta mutu.

Duhu. Ɗigar ruwa. Numfashinsa.

Can ƙasa-ƙasa, jaririn ya yi atishawa. Sai ƙarar tsotso.

Wani abu ya tsaya a bayansa. Ya ji ɗumin ganye dab da ƙeyarsa, ruwa na ɗiga masa cikin wuyan riga.

"Ku yi haƙuri," ya raɗa. "Ku yi haƙuri, masu wuri. Ban… ku yahe mini."

"Tahi," in ji muryar, a cikin kunnensa. "Idonka ƙasa."

Ƙofar ta buɗe rabi kawai, ta tokare da akwati. Ya cusa kai, ya cusa kafaɗa, ya bar fatar haƙarƙari a jikin ƙarfe da takalmi ɗaya a ciki. Ya faɗo tsakar biro, ya tashi, ya sake faɗuwa. Sai da ya kai gindin bishiyar ƙofar gida ya tsaya.

A masallacin unguwa ko sallame magariba ba a yi ba. Yara na wasa a titi. Wata mai ƙosai na juya mai.

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

Mai gadi ya dawo ya same shi haka, ya tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau. Yana nan zaune aka kira isha. Ya ji ta tun daga kabbarar farko har ƙarshe, bai motsa ba.

Da asuba motar allura na tsaye, an ɗaure akwatunan ƙanƙara a baya. Ma'aikata sun taru, har waɗanda ba su da aikin safe, don an ji labarin rantsuwa. Rissa na jingine da mota da ɗan kofinsa.

"A'a, ga injiniya! Ina takardu? Ko Giwa ta taka ka?"

Kowa ya jira tara daga cikin goma. Rashidu bai dubi kowa ba. Ya sa riga mai dogon hannu duk da zafin nan. Ya ciro makulli daga ƙugu, ya riƙe da hannu biyu.

"Na kasa," ya ce. "Kuma na ɓata fishiyen. Ban kwahe ba kahin in matsa. Laihina na."

Wani ya yi salati. Wata ta ce aikin wata nawa ke nan ya tafi. Dariyar Rissa ta tsaya a maƙogwaro, ya sauke amawali ya dube shi da kyau, ya ce, "Kai, Ba'adare, wasa nike yi hwa."

Madam Kaltumi ta sa aka ɗauko takardun bara aka ba masu allura, ta ce su yi ta tambaya ruga-ruga, abin da ya samu ya samu. Sannan ta ce Rashidu ya biyo ta ofis. Ta rufe ƙofa.

"Mi ya hwaru?"

"Abin da na hwaɗa, Madam."

"Shekara nawa kana aikin ga ba ka taɓa tsai da matsa a tsakiya ba. Wutar kuran ba ta ɗauke ba, na tambayi mai gadi. Kai ka tsai da ita. Don mi?"

Ya dubi tayil. Ya ajiye makullin a kan teburinta, a hankali. "Roƙo guda gare ni. Yaron Yamai ya dakata. Kada kowa ya shiga ɗakin ga, kada a taɓa Giwa, sai nan da wata guda. In kin so ki kore ni yau. Amma a bar ɗakin."

Da ya miƙa hannu, hannun riga ya ja baya.

Ta gani. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fata ta tashi, ta yi bororo, kuma ba irin ƙunar wuta ko ta waya ba ce. Zanen ganye ne, ƙanana, dogaye, masu baki kamar zarto, jere a kan kara. Ta matso kaɗan, ta shaƙi iska. Duk wankan da ya yi da sabulu bai fitar da warin ba. Madam Kaltumi ta haifi biyar, ba ta bukatar a gaya mata.

Ta koma ta zauna. Ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa, ita ma ta kawar da ido daga kansa.

"Ka gani?" ta ce, da ƙyar ake ji.

Ya ja hannun riga ya rufe zanen.

"Ka yi sallama?"

"Ban yi ba."

"Tir," in ji ta. Ba ta ƙara ba. Ta ɗauki makullin ta jefa cikin jakarta, ba cikin durowa ba, ta ja zif.

Ta gaya wa Yamai wai ana feshin gara a ɗakin. Kowace yamma, in za ta tashi, takan tsaya daga nesa da ƙofar ta ce wani abu a hankali, sannan ta wuce. Da wata ya cika har ya ɗan gota, ta buɗe da kanta. Ɗakin na nan yadda yake tun fil azal, akwatuna a sahunsu, kilim na hurawa. Giwa a kunne, fishiye a rufe, ba kowa a ciki. Ɗakunan da matsa ta wargaza sun tafi, sai da aka shekara ana sake tara su. A lungun baya an share ƙasa tas, har da sawun tsintsiya.

Yaron Yamai ya zo, makulli ya koma ƙugunsa. Yaro ne mai ladabi, ba a ce komi ba.

Rashidu bai roƙa a mayar masa ba. Yanzu shi ke bin motar Rissa arewa, yana riƙe wa masu allura igiya, yana kama kunnen maraƙi. Hannunsa ya warke, zanen bai tafi ba. In suka sauka wata ruga ya hango tukunya a kan murhu bayan bukka, yakan koma mota ya zauna, ya juya wa ruga baya har a gama.

Rissa ya yi ta tsokanarsa wata da watanni, ko zai samu zagi ɗaya irin na da. Bai samu ba. Ran nan a hanyar Tebaram, sun tsaya shan shayi gindin wata aduwa, ba kowa sai su biyu, ya miƙa masa kofi ya ce, "Don Allah, tsakanina da kai. Mi ka gani cikin ɗakin nan?"

Rashidu ya karɓi kofin. Ya daɗe yana kallon kumfar.

"Matar mutane ta," ya ce. "Namiji bai hwaɗin wannan."